Faifan Tashi

A saman bene, Titin Zoo, shagon Alhaji Gwadabe,
kwamfutoci goma sha ɗaya, duk 'yan gwanjo,
tara daga ciki hanjinsu fayau,
ba rumbun ajiya, ba abin tunawa.
In ka kunna su sai su buɗe ido,
su rubuta layi ɗaya fari a kan baƙi,
su tsaya cak, kamar baƙon da mota ta sauke
a tashar da ba tasa ba.

Alhaji ya ce, "Tasi'u, kuɗin rumbu tara
ya kusa hayar shekara. Ka nemo dabara."
Ya karkaɗe babbar riga, ya sauka.

A ɗakin baya, kusa da bokitin mofa,
akwai guda mai ƙoshin lafiya,
fankarta na gurnani dare da rana.
Ita na naɗa uwar garke.
Rumbunta ɗaya zai ci da kowa,
in dai sun san hanyar gidanta.

Bayan isha'i na zauna da faifai.
Na share shi tas, kamar allon da aka wanke,
na zuba masa 'yan kalmomin farkawa,
sannan na shiga neman direba.
Kada ka yi dariya, sunansa ke nan,
kuma halinsa ɗaya da na tashar Unguwa Uku:
in ba motarsa ba ce, ba ya ja.
Na kwance murfi tara da sukuddireba,
tocila a baki, ido a kan katin sadarwa,
ina karanto lambobi ƙanana kamar ƙwan tururuwa,
Sadisu yana rubutawa a bayan kwalin sukari.

Kowace na yanka mata adireshi,
kada biyu su amsa sallama ɗaya.
A layin ƙarshe na rubuta saƙo:
in kin tashi, bi waya shuɗiya,
ki gai da uwa a ɗakin baya,
ki kira rumbunta Z.

Saura ƙiris aka ɗauke wuta.

Sadisu ya tafi neman fetur da galan,
ni na zauna a duhu ina jin sauro
da mai shayin ƙasa yana kaɗa ƙwai.
Da janareta ya yi tari ya kama,
na sake komai daga bismilla.

Ta farko ta ƙi. Ta biyu ta ƙi.
Na zargi waya, na zargi ɓera,
na zargi wanda ya sayar wa Alhaji kaya.
Ƙarfe ɗaya da rabi na gano ɓarawon:
ni ne. Na sa harafin O a gurbin sifiri.

Na gyara. Na tura faifai, na danna.
Ya yi ƙurr, ya yi ƙaƙat, ya yi shiru,
sai ga Z ta fito, tana ƙifta ido.
Sadisu ya yi barci a kan benci,
ba wanda zan nuna wa.

Ranar Litinin Ladidi ta zauna a ta huɗu,
ta buga takardar neman aiki da yatsa biyu.
Talata ta makara, ta tara ce kawai ta rage.
Ta buɗe, ga takardarta, har da kuskuren jiya.
Ta waiwayo: "Malam, wa ya kawo ta nan?"
Na ce ba inda ta je,
tun jiya tana ɗakin baya kusa da bokiti.
Ta dube ni kamar na zolaye ta.

Na liƙa wa faifan farar takarda:
KADA A GOGE.
Sati bai cika ba Sadisu ya goge shi,
ya kwafi hotunan ƙwallon unguwarsu.
Ban yi faɗa ba. Uku na yi tun a daren nan.
Ɗaya na cikin durowar Alhaji,
ɗaya a aljihun gaba, yana jin bugun ƙirjina
duk safiya in na hau benen nan.